Mai Jiƙa wa Ɓeraye Shimfiɗa

Ammu Shahhata, wato Baffa Shahhata, ya yi rabin rayuwarsa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na tsangayar haɗa magunguna, inda jami'a ke kiwon fararen ɓeraye. Kullum jirgin ƙasa na safe yake hawowa daga ƙauyensu na bakin Nilu, da burodi da dafaffen wake a leda. Ya share keji, ya zuba garin katako, ya canja ruwa. Fansho ya kusa, kuma banda wannan aiki ba abin da ya iya a duniya.

Sai Allah ya haɗa shi da Nermin, ɗalibar digiri na uku. Yarinya ce mai ladabi, ita ta zauna ta yi masa bayani. Maganin ciwon damuwa ne iri biyu, ƙirarsu ɗaya sak, sai dai ɗaya juyin ɗaya ne, kamar takalmin dama da na hagu. Tana so ta ga wanne ke ɗaga sinadarin walwala a ƙwaƙwalwa, wanne kuma ke ja wa ɗan'uwansa baya.

"To ina ruwan ɓera da damuwa, Dakta?" in ji shi.

"Ai mu za mu sa masa ita, Ammu."

Ga yadda ake yi. A jiƙa musu shimfiɗa su kwana a kai, a karkata keji, a bar fitila a kunne, wata rana a hana su abinci. Ana haka har ɓera ya fita hayyacinsa, a ajiye masa ruwan sukari ya ƙi ko kallo. Sannan a ba shi magani a ga ko zai dawo yana sha.

Mako guda ya daure. Ina! Zuciyarsa ta ƙi. Sai ya zama in Nermin ta tafi, ya kwashe jiƙaƙƙen garin ya zuba busasshe, ya daidaita keji, ya kashe fitila, ya ruga tashar jirgi. Da safe kafin ta iso ya sake jiƙawa. A ganinsa lada yake samu, bawan Allah.

Watanni suka shuɗe, ɓeraye sai sheƙi suke yi. Wanda ya sha na dama, da wanda ya sha na hagu, da wanda bai sha komai ba, duk lasar sukari suke yi da daɗinsu. Farfesan da ke duba aikin ya wanke Nermin tas a gaban mutane. Wata safiya ta yi sammako, ta tarar da tsoho da buta a hannu, yana jiƙa busasshen garin da ɓerayen suka kwana a kai.

Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Kuka ta zauna tana yi.

"Ammu, ka kashe ni. Me na yi maka?"

"'Yata, masu rai ne. Allah zai tambaye mu."

"Masu rai? To waɗannan da ka ji wa tausayi duk kashe su za a yi a banza, a kawo sabbi a fara daga farko. Ka taimake su ke nan?" Ta share ido. "Ba zan gaya wa Farfesa ba. Amma kai za ka yi aikin da hannunka, yadda aka ce. In ka ƙi, ka san sauran."

Ya san sauran sarai. Wa zai ɗauki tsoho irinsa aiki, mata da 'ya'ya na jiransa a gida? Ya yi aikin, kuma kaico, ya yi da kyau, don ya san abin da ɓera ya fi tsana fiye da kowa. Ransa a ɓace yake zuba ruwan, ya koma gida ba ya son magana.

Sakamako ya fito tsaf. Magani ɗaya ya tayar da ɓerayen, ɗayan ko oho. Nermin ta ci digirinta, ta sauko masa da faranti cike da basbusa, wani irin kek mai zaƙi, tana ta godiya. Ya karɓa ya ba masu gadi.

Ba a jima ba wani sabon ɗalibi ya leƙo ɗakin yana fara'a.

"Kai ne Ammu Shahhata? An ce duk tsangayar nan ba wanda ya iya karya zuciyar ɓera kamarka. Don Allah nawa aikin ma kai nake so ka riƙe."

Tsohon ya jawo butarsa kusa.

"Yaushe za a kawo su?" ya ce.