Mai Raba Wasiƙa da Sajan Maganaɗisu

Malcolm Illingworth ya yi shekara talatin da takwas yana raba wasiƙa a garin Keighley na ƙasar Ingila, kuma a duk tsawon lokacin nan sau biyu kacal kare ya taɓa cizonsa, abin da yakan faɗa da ɗan alfahari in hira ta biyo ta nan. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya, magana ba ta dame shi ba. Amma abokan aikinsa a gidan waya sun sani, duk wanda ya kuskura ya ambaci Sajan Maganaɗisu a gabansa, shayinsa zai huce kafin Malcolm ya sake shi.

An haife shi a 1964, a layin gidajen ma'aikatan masaƙa. Ubansa makanikin injin saƙa ne, uwarsa tana aiki a gidan burodi. Yana ɗan shekara tara aka fara nuna katun ɗin Sajan Maganaɗisu a talabijin kowace safiyar Asabar. Wani soja ne da tsawa ta faɗa masa, bai mutu ba, ya tashi ƙarfe yana bin sa. In ya miƙa hannu, bindigar ɓarawo ko motarsa sai ta taho da gudu. Ba a daɗe ba aka fito da mujallarsa ta zane, mako-mako, a takarda mai arha wadda tawadarta ke baƙanta yatsu. A mujallar ne Sajan ya sami kalmar da yaran ƙasar suka haddace: kafin ya jawo ƙarfe sai ya tsaya ya ce, "Ka zo, ko in zo?" Daga baya har masu katun suka ara.

Shekara shida Malcolm bai tsallake fitowa ko ɗaya ba, har aka daina buga ta. Yana jera su a kwalin takalma a ƙarƙashin gado. Shekarar da ya fara aiki, uwarsa ta ga ya girma, ta kwashe su ta ba masu tara kayan ƙonawa na bikin wuta na watan Nuwamba. Kwana uku bai ci abincinta ba. A na huɗu ta gasa naman tunkiya da dankali, ya sauko ya zauna, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Sai bayan ya yi aure ne abin ya dawo masa. Wata Lahadi shi da matarsa Glenda, mai gyaran gashi, suka je kasuwar da mutane ke buɗe but ɗin mota su baje tarkacen gida. Tukunyar fure suka je nema. A gindin wata mota ya hango kwali, fuskar Sajan tana leƙowa daga ciki. Ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa, bai ɗago ba har Glenda ta gama zagaya filin ta dawo.

"Maigida, ko dai ka yi tsiro a nan ne?"

"Guda arba'in ne, Glenda. Ba wadda aka yanke wa shafi."

"To sai me? Ci za mu yi?"

Ya saya dai. Daga nan kusan kowace Lahadi yana hanya: Bradford, Halifax, Skipton, wani lokaci har Leeds inda 'yan tara irin waɗannan kaya ke taro a ɗakin wani otal. Cikin shekara goma sha biyu ya haɗa duka fitowa ɗari uku da goma sha biyu, kowace a ledarta da kwali a bayanta don kar ta lanƙwashe. Ya haɗa manyan littattafan da ake fitarwa ƙarshen shekara. Ya shiga tara mutum-mutumin roba na Sajan da abokan gabansa, waɗanda hannuwansu da ƙafafunsu ke motsi, har ƙaramin ɗakin sama ya cika. Glenda takan ce wa masu zuwa gyaran gashi ita dai da barikin soja take zaune. Wanda ya fi ji da shi wani babban Sajan ne mai igiya a baya, wadda in an ja yake magana. Yana cikin kwalinsa yadda ya fito daga kamfani a 1976, ba a taɓa buɗe shi ba. Malcolm ya sa shi a saman kanta, nesa da taga, don kar rana ta koɗar da launin.

Abu ɗaya ke damun masu tara wannan mujalla: ba a sa sunan kowa a ciki. Ba a san wanda ya zana ba, ba a san wanda ya tsara labarin ba, balle wanda ya rubuta maganganun da hannu a 'yan ƙawanyoyin da ke saman kawunan mutane. Kamfanin ya daɗe da rushewa, takardunsa sun bi shara.

Ana saura mako biyu Kirsimeti a 2004, Malcolm yana tsaye gaban akwatunan rarraba wasiƙu, ga katunan gaisuwa tuli. Ya ɗauko wani jan ambulan mai adireshi da manyan baƙaƙe, har ya kai hannu zai jefa, sai ya tsaya. Harafin G yana da ɗan ƙugiya a ƙasa. Harafin W ƙafafunsa na tsakiya sun giciye. R kuwa ta miƙa ƙafa gaba kamar mai shirin rawa. Shekara talatin yana kallon waɗannan haruffan.

"Kai, Malcolm," in ji Trevor, wanda ke aiki kusa da shi, "takardar sammaci ce ka gani?"

"Hannun nan na san shi."

"Tsohuwar budurwarka ce? Bari Glenda ta ji."

Wasiƙar ta wata dattijuwa ce a layin da yake bi, ana ce mata Mrs Dyson. Maimakon ya zura ta ƙofa, sai ya ƙwanƙwasa, ya miƙa mata hannu da hannu, ya ce ta yi haƙuri da karambani, amma wa ke da wannan kyakkyawan rubutu? Ta duba ta ce ai Winifred ce, matar wanta marigayi, tana nan Silsden. "Da can ma sana'arta ce. Wasu mutanen Landan take yi wa, na wasan yara."

Ya rubuta wa Winifred Holdsworth wasiƙa, sau huɗu yana yagawa saboda kunyar nasa rubutun. Amsa ta zo a layi biyu: ya zo ranar Asabar ƙarfe uku, kuma ya goge ƙafa kafin ya shigo.

Tsohuwa ce 'yar gajeruwa mai shekara saba'in da takwas, da tabarau mai kauri. Ta zuba masa shayi, ta tura masa farantin biskit, ta dubi jakar da ya rungumo.

"To ɗan nan, me ka ɗauko haka kamar jariri?"

Ya zaro fitowa ta farko. Kafin ya ce ta bi a hankali, ta fizge ta daga leda, ta lashi yatsa ta buɗe shafi.

"Dubi nan," ta ce. "Ranar alƙalamina ya lalace. Ka ga yadda tawadar ta yi kauri? Na ji haushin shafin nan."

Ta ba shi labari ba tare da wani ɗoki ba. A ofishin zane na wata masaƙa ta koyi rubutu. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Colin, sai ta ga talla a jarida ana neman mai kyan hannu. Ranar Litinin shafuka ke zuwa ta gidan waya, da zanen da kuma maganganun a buge a takarda daban. A teburin nan na kicin take rubutawa, ranar Alhamis ta mayar. Ba ta taɓa zuwa Landan ba, ba ta taɓa ganin ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Mai zanen ma sunansa na farko kawai ta sani, Hamish, don yakan bar mata 'yar gaisuwa da fensir a gefen shafi.

"Iya, wa ya ƙirƙiro 'Ka zo, ko in zo?' Shekaru ana gardama a kai."

Ta yi dariya har da tari. "Gardama? Manyan mutane? Mai labarin ne ya rubuto wani dogon jawabi, wai ya kai ƙarfen zalunci ka amsa kiran adalci, da sauran shirme. Hamish kuwa ya bar mini wuri kamar tafin jinjiri. Ina zaune ina tunani, ga Colin can a titi ya ƙi shigowa wanka. Na leƙa taga na daka masa tsawa. Da na dawo na rubuta abin da na faɗa. Ba wanda ya ce uffan. Mako na gaba sai ga shi sun buga shi a takardarsu kamar su suka yi."

Ya gaya mata har mutum-mutumi aka yi mai faɗin kalmar. Ta ce ba ta taɓa gani ba. A lokacin ba su da talabijin, kuma Colin ƙwallo ce kawai a gabansa. Yanzu yana Ostireliya.

"Kana da mutum-mutumin?"

"Ina da shi, Iya."

"To ka kawo in ji."

Kwana shida yana hawa ɗakin sama yana kallon kwalin. Glenda ta ce, "Ni shekara nawa ko ƙura ba ka bari in share masa ba. Yanzu wata ta ce ka buɗe, har kana tunani?" Ya ce bai yanke shawara ba. Ranar Asabar ta gan shi yana naɗe kwalin a tawul, ta ɗauko rigar sanyinta ta ce wannan kam ba za a ba ta labari ba.

A teburin Winifred ya sa 'yar wuƙa ya yanka gam ɗin da ke bakin kwalin. Warin tsohuwar roba ya tashi. Ya tsayar da Sajan kusa da kwanon sukari, ya ce ita za ta ja. Ta sa yatsa a zoben ta ja igiyar. Sajan ya yi wani gurnani kamar tsohon ƙyaure, ya ce "Kaaa," sai igiyar ta tsinke a hannunta.

Glenda ce ta fara fashewa da dariya, Winifred ta bi, har ta cire tabarau tana share ido.

"Haka Colin yake amsa mini," ta ce.

Malcolm ya juya mutum-mutumin yana duba ramin igiyar. Ya yi zaton zai ji ciwo, sai ya ji yunwa kawai. Ya ci biskit uku, ya roƙi ƙarin shayi.

Da bazara ya kai ta taron Leeds. Tun kafin su isa labari ya bazu, suka tarar da layin maza masu sanƙo da tumbi, kowa rungume da leda. Ta zauna tana sa hannu da manyan baƙaƙe, tana tambayar kowa ko uwarsa ta san yana nan. Wani ya kawo mata fitowar 1978 ta ce ba hannunta ba ne, makon ta yi mura aka ba wani, kuma bai iya S ba. Bayan awa biyu ta ce ƙafarta ta kumbura, shayinsu kuma ruwan wanki ne, a mai da ita gida. Ba ta sake zuwa wani taro ba. Amma duk Asabar ta farkon wata Malcolm yana zuwa Silsden, ya gyara mata famfo ko ya sare shinge, ya zauna da littafin rubutu tana tuno abin da za ta iya tunawa. Ta rasu a 2009. Colin ya zo jana'iza, mutum mai furfura da jar fuska, wanda bai san komai game da asalin kalmar Sajan ba sai da Malcolm ya gaya masa a bakin coci. Colin ya ce, "Ai kuwa takan zo ɗin."

Daga nan Malcolm ya rage yawon kasuwa, ya koma neman mutane. Yana rubuta wasiƙu zuwa jaridun ƙananan garuruwa, yana bin tsofaffin littattafan lambar waya. Ya gano mutum biyu cikin masu tsara labarin. Ɗaya ya riga ya rasu, ɗayan ya ce shi yanzu mai wa'azi ne, ya kife waya. Wata mata a Kent ta aiko masa da hoton ubanta, wanda ke shafa launin bangon mujallar. Duk abin da ya samu yakan buga a 'yan shafuka ya raba wa masu zuwa Leeds kyauta.

Ya ajiye aiki a 2018, gwiwarsa ta hagu ta fara ba shi wahala. A bara wani ɗan tasi a Arbroath, can Sikotilan, ya rubuto cewa kawunsa Hamish Petrie ya bar akwatuna biyu na zane a gareji, ɓeraye sun ci ɗaya, in yana so ya zo ya duba ɗayan kafin a sayar da gidan. Glenda ta duba taswira, ta ga garin a bakin teku yake, ta ce za ta je in za su kwana uku kuma ita za ta zaɓi masauki. Suka tafi a jirgin ƙasa. An yi ruwa duka kwana ukun. A akwatin akwai zanen jiragen kamun kifi da yawa, da shafi goma sha ɗaya na Sajan.