Ƙwaron Wake Ya Rayu, Yaya Hassi Ta Tafi

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayata Hassi, kuma har yau in na shaƙi warin tafarnuwa a rufaffen ɗaki sai gabana ya faɗi.

Ita ta riƙe ni bayan rasuwar innarmu. A Tsarnawa muke zaune. Sana'arta wake: ta saya da kaka, ta jibge a ɗakin ajiya da ke jikin ɗakinta, in bazara ta yi fatake su zo daga Konni su kwashe. Ba ta da abokin gaba sai ƙwaron wake. Da farko wata farar hoda take barbaɗawa, washegari mu share gawarwakinsu. A hankali hodar ta daina ci. Wata rana ta kira ni, ta buɗe tafin hannunta. Ƙwari na yawo cikin hodar, sun yi fari fat, ko gezau.

"Rabi, kin gani? Ƙwaron ga ya san maganin ga. Bara shina mutuwa, bana shina wanka da shi."

Ta faɗa da dariya, amma na ga tsoro a idonta, don abincin gidan duka yana cikin buhunan nan. Ta riƙa ƙara hodar, ba sauyi. Sai wani ɗan tebur a kasuwar Konni ya sayar mata da wasu ƙwayoyi masu launin toka da warin tafarnuwa, ya ce hayaƙinsu ba ya barin komai da rai. Bai gaya mata adadin da za ta sa ba. Ta cusa su da yawa tsakanin buhuna, ta toshe taga da tsumma, ta ja ƙofa.

Kashegari da hantsi ta shiga dubawa. Ta ɗan jima ciki tana juya buhuna. Da ta fito sai ta dafa bango.

"Kaina na juyawa," ta ce. "Hidda yara daga gidan ga tukuna."

Na kai yaranta maƙwabta, na dawo na tarar tana amai, numfashinta na sarƙewa. A amalanke muka kai ta bakin titi. Wani direban motar siminti da ya taso daga Malbaza ya tsaya ya ɗauke mu. Ina rungume da ita, leɓɓanta na yin baƙi, ina kiran sunanta tana amsawa da ido. Mun isa gidan likita da ranta. Kafin la'asar ta cika.

Bayan addu'ar bakwai maza suka ɓalle ƙofar ɗakin, aka bari ya sha iska, sannan na leƙa. Yawancin ƙwarin sun mutu. Amma a bakin wani buhu na ga wasu suna tafiya. Na zauna a ƙasa.

Ɗiyarta Zali, da ta yi karatun aikin gona, ita ta fahimtar da ni daga baya. Ta ce in guba ko zafi ya matsa wa ƙwaro, ƙananan ƙwayoyin halittar jikinsa sukan samar da sinadaran da ke narkar da gubar su gyara abin da ta ɓata. Waɗanda jikinsu ya fi iya wannan su ke tsira, su haifi irinsu. Ashe duk ƙarin da Yaya ke yi, masu ƙarfin take zaɓowa.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga buhunan leda na yanzu, masu shaƙe ƙwaro ba tare da magani ba. Na san da ita za ta fara saye, ta bi gida-gida tana nuna wa mata. Ina kuma tunanin fuskarta in ta ga ƙwayoyin nan har yau a kan tebur, kusa da alawar yara.

Yaran da ta ce a fara fiddawa duk sun girma, suna da nasu. Ni kuwa a kasuwa waken da ƙwaro ya huda nake zaɓa, masu sayarwa suna yi mini dariya. Ba na gaya musu cewa ko shi ɗin sai na shinshina shi kafin in ɗora tukunya. Allah Ya jiƙan Yaya Hassi.