Mutumin da Ya Ɓatar Mini da Ambulan da Gangan

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, matarka ta aiko mana cewa ka cika a asibiti. Maƙwabcina, mai shagon buga takardu, wanda duk layinmu ke kira Kashe-Ka-Kunna, domin duk cutar da aka kawo maka ta kwamfuta, da wannan maganin kake farawa.

Ni tsohon direba ne, a aji huɗu na yi sallama da makaranta, malamai ma ba su yi kewata ba. Ba ni da haɗi da kwamfuta sai dalilin Auta. 'Yata ce, kurma ce tun haihuwa, kai ka koya mata bugun rubutu a shagonka har ta samu aiki a wani gari mai nisa. Waya ba ta yi mana amfani, ita ba ta ji, ni kuma idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Sai ka ɗauko tsohuwar kwamfutarka ka girke mini a falo kusa da taga, ka ƙara girman rubutun, ka nuna mini hoton ambulan ɗin wasiƙa a kusurwar allo. Ka ce, "Direba, nan 'yarka take. Danna sau biyu."

Kowace Juma'a tana rubutowa. Idan kwana biyu suka wuce ban amsa ba, ta san ko dai ciwo ko mutuwa.

Matsalar ita ce hannuna. Ya saba da sitiyari, linzamin kwamfuta kuwa na riƙe shi kamar giya ta maƙale. Sau bakwai a shekara uku ambulan ɗin yana ɓacewa. Nakan shigo shagonka in ce an sace mini imel. Kakan ce, "Ɓarawon yana da furfura, yana kuma tsaye a gabana." Ka rufe shago, ka biyo ni, minti biyu ka dawo da shi. Ba ka taɓa faɗa wa Auta ba. Har gobe tana ganin ubanta gwani ne.

Wata guda kafin rasuwarka ka shigo ba tare da na kira ba. Ka rame, na ce ko matarka ta fara yi maka awo da cokali. Ba ka yi dariya ba. Ka zauna, a kan idona ka goge ambulan ɗin, ka naɗe hannu ka ce, "Nemo shi."

Na yi faɗa. Ka ce manhajar tana nan cikin kwamfutar, hotonta kawai nake jefarwa. In fara duba kwandon sharar da ke kan allo, in danna in dawo da shi. In babu, in rubuta sunanta a akwatin nema da ke ƙasa, in ta fito in jawo ta kan allo. Sau biyar ka goge, sau biyar na nemo ina gumi. Da ka tashi ko Allah ya raka taki gona ma ban faɗa ba, ƙofa kawai na tura. Ashe ka riga ka ga sakamakon likita.

Washegarin jana'izarka na zauna in sanar da Auta, domin ba wanda zai gaya mata sai ni. Hannuna ya yi halinsa, ambulan ya tafi. Na miƙe har na sa takalmi ɗaya kafin na tuna shagon a kulle yake.

Kwandon shara babu komai. Na rubuta sunan a akwatin nema, na yi kuskure sau biyu, a na uku ya fito. A ciki akwai saƙon Auta tun Litinin: "Baba, Kawu ya rubuto mini daga asibiti. Ya ce kada in damu, yanzu ka iya da kanka. Me ka iya?"

Na ba ta labarin rasuwarka. Tambayar kuwa ban amsa ba tukuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka huɗu, da Auta da ta rasa kawu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Wannan takardar ma ni na buga ta, a kwana uku.