Fim ɗin da na hana Yaya gani

In akwai abin da nake cizon yatsa a kansa yau da na tsufa, to wata la'asar ce da na ɓata wa yayana.

Tun muna samari a Haɗeja muke bin finafinan wani ɗan leƙen asiri na Turawa. Bayan 'yan shekaru sai a fito da sabo, a canza jarumi, sunan dai yana nan. Turancinmu bai taka kara ya karya ba, amma gudu da harbi ba sa neman tafinta.

Da Yaya ya makance, muka yi ƙa'ida: in riƙa faɗin abin da nake gani, shi kuma ya haɗa da ƙarar da yake ji. Wani sabo ya fito, na sa aka tura mini a waya, na samu Yaya a zaure.

Fim ɗin yana da nasa kyau. Jarumin ya manyanta, in ya yi gudu sai ya tsaya yana haki, ya dafa gwiwa kamar mu. Yaya zai so wannan, amma ban faɗa masa ba. Aibu kawai nake tsinta.

"Yaya, wai mutum ya faɗa kogi ya fito da riga a bushe! Su zo Auyo da damina su gani."

Ya yi dariya. "To, sarkin ruwa, ya tsira ko sun kama shi?"

"Ga mugun nan kuma ya samu dama, maimakon ya harbe shi sai surutu. Na da sun fi."

"Tsakaninka da shi ban san wanda ya fi surutu ba. Yanzu me yake yi?"

Na ci gaba da kwatanta fim ɗin da na baya. Can sai ya lalubo hannuna ya ce, "Kashe haka nan, ƙanena. Kai kana kallo, ni ban ga komai ba. Ma ƙarasa wata rana."

Washegari na tafi fadama yankan shinkafa. A can saƙon rasuwarsa ya same ni. Allah ya jiƙansa.

Aibun da na faɗa duk gaskiya ne, sai dai ba su ya tambaye ni ba. Don Allah kada ku yi irin tawa. In wani naku ya ce ku gaya masa abin da ke faruwa, ku gaya masa tukuna. Ra'ayinku ya jira a tashi.