Garkuwa Biyu a Bangon Zaurenmu

Shekarun baya, lokacin da kuɗin fetur suka fara isowa har ƙauye, ina koyarwa a wata firamare a Faskari. Abokan aikina kowa na sayen babur da rediyo, ni kuwa tsofaffin kaya ne suka ɗauke mani hankali. Ranar kasuwar Yankara sai in bi rumfuna ina neman akushin da ya tsage, da ƙwarya mai zane, da tsohuwar munduwa. Mata suna yar da su saboda an samu kwanoni masu fenti, ni ina kwasowa. Wani abokina yakan leƙo ya ce, "Malam, ɗakinka da juji ƙofa ce kawai ta raba su."

Amma abin da na fi ji da shi shi ne zauren gidanmu a Ketare. A saman ƙofa akwai adon laka irin na maginan da: zagaye biyu manya, da wani abu kamar sanda da ya ratsa tsakaninsu. Ruwan sama ya cinye gefensa. Na auna shi da igiya, na kwafe a littafi, na yanke hukunci cewa garkuwa biyu ne da mashi, tun zamanin yaƙe-yaƙe. Har Sabuwa na je wurin wani tsoho da aka ce ya san tarihi. Ya juya littafin sama, ya juya ƙasa, ya ce, "To, tunda malamin makaranta ya faɗa." Ni kuwa na riƙe wannan a matsayin shaida.

Ana nan sai yayana ya samu kwangilar kai tsakuwa a aikin hanya. Ya je Makka ya dawo, ya ce za a rushe zauren a tayar da na bulo. Mahaifinmu ya rasu tun ina goye, saboda haka maganar Yaya ita ce magana a gidan. Wata Asabar da hantsi na iso, na tarar an sauke siminti, ga leburori da diga suna jiran a ce su fara.

Na buɗe littafina na shiga lacca. "Yaya Alhaji, wannan bangon ya girmi kakanmu. Garkuwar mayaƙa ce fa. In ka rushe, tarihi ka rushe."

Ya dube ni ya ce, "Mi garkuwar ta tare mana? Ko ruwan bara ba ta tare ba. Matsa, rana na yi."

Leburori suka kwashe da dariya. Wallahi saura kaɗan in yi kuka, da girmana da birona a aljihu.

Mahaifiyata tana bayan katanga tana tankaɗe, duk tana jin mu. Yaya ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Sai ta kira ni, amma da muryar da har na waje zai ji.

"Kai, malamin boko. Wace garkuwa kake ta faɗi? Keke ne."

Na ce, "Inna, keke kuma?"

"Keke mana. Shekarar da wani yaro ya yi ƙyanda a gidan nan, har an fidda rai, ubanku ya ari keken malamin auduga, ya goya yaron da rawaninshi, ya tuƙa har Kankara wurin masu allura. Da yaron ya tashi, aka mayar wa mai keke da abinshi. Shi ne ubanku ya sa magini ya yi mashi nashi keken a bango, tunda ba ya da halin saye."

Wautata ba ta ƙare ba, na ce, "Wane yaro?"

Ta ce, "Kai ma ka san ba zan faɗa ba." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da na fito, na iske Yaya ya ɗaga kai yana kallon saman ƙofa. Ya daɗe a haka. Can ya nuna wani ɗan tudu da na rubuta a littafina cewa tsinin mashi ne, ya ce a hankali, "Ga sirdin nan." Ya share ido da bakin hannun riga, ya juya wurin leburori. "Ku fara daga baya. Bangon nan kada wanda ya taɓa shi."

Haka aka yi. Aka gina sabon zaure a bayan tsohon bango, aka jawo rufin kwano ya yi wa keken rumfa. Tun daga nan in baƙo ya tambayi zanen, sai Yaya ya ce, "Tambayi masanin tarihinmu, shi ya san yaƙin da aka yi da shi."

Har yau ina son tsofaffin kaya, ban tuba ba. Abin da ke ba ni dariya, ya kuma ba ni kunya, shi ne na yi tattaki har Sabuwa neman labari, ban taɓa tambayar matar da ke zuba mani tuwo ba. Inna ta rasu ba ta taɓa faɗin sunan yaron ba. Shi kuwa yaron, duk shekara kafin damina, yakan tuɓe babbar riga ya hau tsani, ya yaɓe keken da hannunsa.