Tsutsar Robar Malam Bukar

Duk wanda ya san Malam Bukar a Gure ya san ba da fuskar mutum yake gaisawa ba, da ƙafarsa ne. Kana miƙa masa hannu, idonsa na kan silifarka, yana auna kwana nawa ya rage mata ta tsinke. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, ni ina ɗinki a ƙofar gida, shi yana narka roba a gwangwanin tumatir, warin yana korar mini masu kawo aiki.

Tsutsar kamun kifi yake yi da robar. A Gure fa, jama'a, garin da in ka ga ruwa to a rijiya ne ko a buta! Dalilin kuwa, lokacin da yake tuƙa kamyo, babbar motar kaya, zuwa Difa ya auro Ya Falmata, 'yar masunta daga bakin kogin Komadugu. Ya rantse gaban ubanta cewa ko tsakiyar rairayi ya kai ta, sai ta ci kifin da ya kama da hannunsa. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, kuma dariyar nan ce ta hana Bukar sakat har tsufansa. Da ya ajiye tuƙi ya tona ƙasarmu neman tana bai samu ba, sai ya ce shi zai ƙera tasa. Ya fafe siffar tsutsa a yumɓu, ya riƙa zuba narkakkiyar roba ciki, in ta huce ya shafe ta da daddawa, wai don ƙamshi.

Wata rana na shiga gidansa cin tuwo, na bar silifata sabuwa fil a bakin zaure. Da na fito, ƙafa ɗaya na tarar.

"Malam Bukar, ina ɗayar?"

"Koriyar nan? Ai ta samu aiki, Alasan. Kifi na son kore."

"To da me zan koma gida?"

"Ga ta hagu nan na bar maka. Ni ba azzalumi ba ne."

Gwajin farko a kan kazar Ya Falmata aka yi shi, ba da shawarar kowa ba. Ya shanya tsutsotsinsa a faifai, kazar ta zo ta haɗiye ɗaya. Kwana uku tana tsaye a gindin bango kamar mai zaman makoki, shi kuwa yana zagaya unguwa yana shelar cewa kaza ta yarda, saura kifi. Ya Falmata ta ce wallahi in ta yi ƙwan roba shi za a dafa wa. Kazar dai ta rayu, amma ba ta ƙara kusantar faifai ba.

Kowace kaka ni nake goya shi a moto, wato babur ɗina, mu wuce Gidigir har tabkin Gidimuni, mu wuni, mu dawo hannu wofi. Uzuri kuwa ba ya ƙare masa. Bana kifin ya ƙoshi, baɗi kifin azumi yake. Ni na gaji, bayana ya gaji, amma ka ce masa a'a ka gani.

Sai bara Ya Falmata ta kwanta ciwo sosai, abinci ma ta daina ci. Da muka tafi tabkin a wannan karon, bai yi mini wasa ko sau ɗaya ba. Ya zauna bakin ruwa tun hantsi har la'asar, fatsa ko motsi. Ya ce mini tsoro yake ji ta tafi bai cika alkawari ba. Can ya tashi ya nufi wani masunci da ke janye ragarsa, ya tuɓe takalmansa na fata, waɗanda sai Juma'a yake sawa, ya yi musaya da ƙatuwar karfasa. Ya cusa mata koriyar tsutsar nan a baki, ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Mutumin da ya narke takalman rabin unguwa, ranar nan shi ya shiga gida ba takalmi.

Ya Falmata ta ci kifin tas, ta sa masa albarka, ta kuma warke. Shi ne ya riga ta tafiya.

Bayan sadakar bakwai na je gaishe ta, na kasa haɗa ido da ita. Ita ta fara magana.

"Ɗago kanka, Alasan. Ni 'yar masunta ce. Tun bai ajiye shi gabana ba na ga shaidar raga a wuyan kifin nan."

"Kuma kika yi shiru, Ya Falmata?"

"Mutum ya dawo mini ƙafa tsirara don in ci abinci, in ce masa me? Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba."

Ta kwance gefen zanenta ta nuna mini koriyar tsutsar, silifata kenan ta dama. Ban ce ta ba ni ba, don lokacin idona ya riga ya cika.

Allah ya jiƙanka, Bukar, ya yafe maka takalmanmu, mu dai mun yafe. Allah ya zaunar da kai bakin ƙoramar Aljanna, inda kifi ba ya gardama.