Yadda Malam Sahabi Ya Goge Memorin Hajiya

Duk wanda ya taɓa kai wa Malam Sahabi gyaran rediyo a Bungudu ya san ba ya fara taɓa sukuddireba. Hanci yake sawa. Ya shinshina gaba, ya shinshina baya, sannan ya ɗago ya ce, "Ba ta mutu ba, fushi ta yi." Ni taubashinsa ne, hatsi nake sayarwa, ban san komai a harkar waya ba. Amma don ya raina ni, duk wata wahala tasa da ni ake yinta.

Wata Laraba ya dawo daga Gusau da wani ɗan allon kwamfuta, kore, bai fi tafin hannu ba.

Na ce, "Mi ne ne wanga kuma?"

Ya ce, "Rauta ce. Wato za ta zama rauta. Yanzu ba ta san ko ita wa ce ba."

Ya yi mini bayani har sau uku. Wai za a zuba mata manhaja a cikin memori, a maƙala mata layi, a ɗaga ta sama ta kamo intanet ta raba wa gida. Gidansu a kwari yake, sabis ba ya shiga. Wallahi har ya gama ban gane ko ɗaya ba, kai kawai nake gyaɗawa.

Na ce ya sayi sabon memori. Ya dube ni kamar na zage shi. "In sayi sabo, ga na Hajiya yana zaune cikin waya ba ya aikin komai?"

Hajiya Rabi matarsa tana gidan suna, ta bar wayar a caji. Ya zare memorin, ya soka a tsohuwar kwamfutarsa, ya ɗora tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Sai wani rubutun Turanci ya fito da ja.

Na ce, "Mi tac ce?"

"Wai za ta goge komi da ke ciki. Kullum haka suke faɗi, tsoratarwa ce. Danna, kai ke da alwala."

Ni kuma, sakarai, na danna.

Ashe a cikin memorin nan muryar Nasiru take, ɗansu ɗaya tilo da ke ɗinki a Jidda, shekara shida bai zo gida ba. Duk sanda Hajiya ta shiga Gusau sai ta sauke saƙonninsa, jikar maƙwabta ta adana mata su a memori, ta riƙa saurare kullum bayan asuba. Duk mun share su.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi wayar, ta dube shi, ta shige ɗaki. Daga ranar ta daina yi masa magana. Ni na koma ɗan aike, da furfurata. Yana zaune a gabanta za ta ce, "Ka gaya wa taubashinka tuwo na nan."

Abin ya ci shi ƙwarai, na gani a fuskarsa. Ya ce mini, "Muryar da na goge ba ta dawowa. Sai dai in kawo mata mai muryar."

Allon kuwa ya ƙi. Fitila na ƙiftawa, amma waya ba ta ganin komai. Ya shinshina, bai ji ƙauri ba, ya rikice. Ya goge ya sake zubawa, ya kuma sakewa, har na daina lissafi. Ya zargi caja, ya zargi zafi, ya zargi alwalata. A kwana na biyar ya karanta bayanin har ƙasa, sai ga shi an rubuta cewa manhajar tana zuwa ne da wayfay ɗinta, wato siginar da waya ke kamawa, a kashe, sai an haɗa ta da kwamfuta ta igiya an kunna.

Na ce, "To da can ba ka karanta ba?"

Ya ce, "Na karanta inda ya kamata."

Igiyar ma bai saya ba. Har Tsafe ya ja ni a mota, muka aro wurin wani abokinsa. Da aka kunna, ya sa allon cikin kular abinci don ruwan sama, ya ɗaure a kan doguwar gora bayan rumbu. Muka zaga gida da waya a sama. Ɗaki babu, zaure babu, tsakar gida babu. Wuri ɗaya tak ta kama: turken awaki. Har ya rasu bai gano dalili ba.

A kwana na tara, bayan la'asar, na kai wa Hajiya kujera cikin awaki. Ta zauna tana hararar mu. Malam ya danna kira, ya miƙa mata wayar. Sai ga fuskar Nasiru, da ɗan gemun da uwarsa ba ta taɓa gani ba. Ta rufe baki da mayafi, ta yi ta kuka, akuya na cin gefen zanenta ba ta ma sani ba.

Malam ya ja baya ya raɓe jikin rumbu. Can ta ɗago, ba ta bi ta kaina ba, ta ce, "Malam, matso mana. Yaro na tambayar babansa."

Malam ya matso ya tsuguna gefenta, suka haɗa kai suna kallon ɗansu.

Bara muka binne shi, kuma ina kewarsa sosai. Allah Ya gafarta wa Sahabi, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hajiya haƙuri. Yadda ya wahala don ya faranta mata, Allah Ya faranta masa. Amin.